Kafin a Canja Na'urar Kunne, a Sake Auna Kunnen

Sharhinmu na yau a kan kunne yake, musamman ƙaramar na'urar nan da masu raunin ji ke maƙalawa a bayan kunne ko su cusa a cikinsa. Wataƙila wani yana sauraronmu yanzu da ita. Wataƙila kuma a gidanku akwai tsoho ko tsohuwa da sai an ƙure muryar rediyo kafin su ji mu. Tambaya biyu ke yawo a irin waɗannan gidaje. Wane kamfani ne ya fi iya ƙera na'urar ƙara ji? Kuma wanda ya shekara huɗu ko biyar da tasa, shin lokaci ya yi da zai ajiye ta ya sayi sabon yayi? Matsayina guda ɗaya ne, kuma za ku ji ina maimaita shi har ƙarshen shirin. Awon kunne da hannun mai saita na'ura sun fi sunan kamfani tasiri. Wanda ya gane haka zai tsira da kuɗinsa, kuma zai fi jin magana.

Bari mu fara da yadda ji yake raguwa, domin komai daga nan ya samo asali. Mutane da yawa sun ɗauka raunin ji kamar a rage murya ne gaba ɗaya. Ba haka abin yake ba a mafi yawan lokuta. Idan tsufa ne sanadi, ko daɗewa kusa da injin niƙa da janareta, siraran sautuka ne ke fara ɓacewa. Su ne irin sautin "sa", da "sha", da "fa", da "tsa". Kakkaurar murya kuwa tana nan ana jin ta. Shi ya sa dattijo zai ce maka yana jin ana magana, amma ba ya rarrabe kalmomin. Shi ya sa muryar jikoki da ta mata ke fi ba shi wahala. Shi ya sa kuma ɗaga masa murya ba ya magani, sai ma ya ce kana yi masa tsawa. Kowane kunne da irin giɓin da yake da shi, har na dama kan bambanta da na hagu. Aikin na'ura shi ne ta cike wannan giɓin daidai. Ta ɗaga sautin da ya ɓace, ta ƙyale wanda ake ji, ta kuma danne ƙara mai ƙarfi kada ta cutar. Na'ura ba ta san giɓin kunnenka ba sai an faɗa mata. Mai faɗa mata shi ne ƙwararren da ya auna ka, ya zana sakamakon a takardar gwajin ji, sannan ya haɗa na'urar da kwamfuta ya saita ta.

To, yanzu mu dubi kamfanonin. Sunayen da ke kan kwalaye suna da yawa, amma masu su kaɗan ne. Manyan gidaje biyar ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar duniya. Sonova na ƙasar Suwizalan shi ke da Phonak da Unitron. Demant na Denmak shi ke da Oticon da Bernafon. GN, shi ma na Denmak, shi ke da ReSound da Beltone. Widex da Signia sun koma ƙarƙashin rufi ɗaya tun 2019, kuma Signia ɗin nan ita ce wadda dattawa suka sani da sunan Siemens a da. Na biyar shi ne Starkey na Amurka. Kun ga ke nan, wanda ya kwana yana auna Phonak da Unitron, 'ya'yan gida ɗaya yake aunawa. Gidajen nan biyar kuma suna sa ido a kan juna. Abin da ɗaya ya fito da shi bana, ba a daɗewa sai ka gan shi a wurin sauran da wani suna na talla. Akwai bambancin ɗanɗano, wannan gaskiya ne. Wani ya fi son taushin sautin wannan, wani ya fi son kaifin wancan. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ke ƙera abin banza, kuma babu wanda ya tsere wa saura ta yadda za a ce shi kaɗai ne mafita.

A cikin kowane kamfani kuma akwai hawa-hawa. Akwai samfurin ƙasa, akwai na tsakiya, akwai na ƙololuwa mai tsadar gaske. Sau da yawa jikin na'urar iri ɗaya ne. Abin da aka buɗe ko aka kulle a cikin manhajarta ne ya bambanta farashin. Shin ƙarin kuɗin yana komawa ƙarin ji? Wata masaniya mai suna Robyn Cox da abokan aikinta a Jami'ar Memphis ta Amurka sun gwada wannan tambaya, sun kuma wallafa sakamakon a tsakanin 2014 da 2016. Sun ba dattawa masu raunin ji mai sauƙi zuwa matsakaici na'urori daga manyan kamfanoni biyu, na ƙasa da na ƙololuwa. Kowa ya yi makonni yana rayuwarsa da kowace, ba tare da an faɗa masa wadda ta fi tsada ba. Dukkan na'urorin an saita su da kyau. Sakamakon ya ba masu talla kunya. Dattawan sun ƙaru sosai da na'urorin duka. Amma a fahimtar magana da jin daɗin zaman yau da kullum, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin mai tsada da mai sauƙi ba. Ku lura da sharaɗin nan, masu sauraro. Dukkansu an saita su da kyau. Saitin ne ya ɗauki nauyin, ba farashin ba.

Mene ne saiti mai kyau? A nan zan ɗan tsaya, domin nan ne ake yawan cutar masu saye ba tare da sun sani ba. Idan aka shigar da sakamakon gwajinka a kwamfuta, manhajar kamfanin kan yi hasashen saitin da ya dace da kai. Hasashe ne bisa matsakaicin kunne. Amma ramin kunnen kowa da tsawonsa da faɗinsa, kuma wannan yana canja sautin da ke isa ciki. Bincike ya sha nuna cewa saitin farko na kamfani kan gaza, musamman a wajen siraran sautukan nan da muka ce su ne ake nema. Maganin abin shi ne awo na biyu. Ana zura wani siririn bututu mai laushi a ramin kunne, kusa da dodon kunne, sannan a sa na'urar a kai. Sai a kunna magana, a ga ainihin abin da ke isa ciki, a gyara har ya dace. Mintoci kaɗan yake ɗauka. Duk da haka, ko a ƙasashen da suka ci gaba, masu sayarwa da dama suna tsallake shi. Ka sayi shadda mafi tsada a Kantin Kwari, ka kai wa telan da bai auna ka ba, ka ga abin da zai fito. Wanda ya kai yadi mai sauƙi wurin telan da ya auna shi sai ya fi ka kyan gani ranar salla. Don haka tambayar da ta fi "wane kamfani" amfani ita ce: za a auna sautin a cikin kunnena bayan an saka mini?

Na san wani zai ce, ai binciken Memphis ya kwana biyu, fasaha kuwa ba ta tsaya ba. Wannan magana tana da ƙarfi, ba zan yi watsi da ita ba. Na'urorin yau suna haɗuwa da wayar salula kai tsaye, murya ta shiga kunne biyu ba tare da an kara waya ba. Wasu suna amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tace hayaniya. Ga wanda rabin aikinsa a waya yake, ɗan kasuwa ne ko malami, haɗuwa da waya kaɗai tana iya zama dalilin canji, kuma dalili ne na gaske. Amma mu faɗi gaskiya a kan hayaniya. Wurin biki, tashar mota, tsakiyar kasuwa, har yanzu nan ne kowace na'ura ke shan wahala. An samu ci gaba, ba a samu mu'ujiza ba. Abin da ya fi karya lagon hayaniya da nisa ba sabon abu ba ne: a kusanto da makirufo bakin mai magana. Akwai 'yar ƙaramar makirufo da ake maƙala wa malami ko a ajiye gaban mai karatu, ta aiko da murya kai tsaye zuwa na'urar. Kamfanonin duka suna da irinta, kuma tana iya aiki da na'urar da kake da ita idan samfurin ya yarda. Ga mai son jin tafsiri daga sahu na baya, ko ɗalibin da ke cikin aji mai cunkoso, wannan na iya fin sabuwar na'ura amfani. A tambaya kafin a zuba kuɗi.

Kuma a yi hattara da gwajin cikin shago. Ɗaki ne shiru, mai sayarwa yana fuskantarka, yana magana a tsanake. A irin wannan ɗaki kowace na'ura gwana ce. Sabuwa kan zo da kaifin sauti da ke burge mutum a mintin farko, ko kuma ya dame shi. Duka biyun ba hukunci ba ne. Ƙwaƙwalwa tana bukatar makonni kafin ta saba da sautukan da ta daɗe ba ta ji ba. Ƙarar cokali a kwano, motsin takarda, har muryar mutum kansa sai ya ji ta baƙuwa. A wasu ƙasashe doka ta ba mai saye damar gwaji na kwanaki ya mayar idan bai gamsu ba. Inda babu doka, baki yana nan. A nemi wa'adin gwaji, a rubuta shi a rasit.

Yanzu mu juyo gida. An tsara waɗannan na'urori a ƙasashe irin su Denmark da Suwizalan da Amurka, amma a Kano ko Maraɗi ko Zinder za a sa su. Abin da za mu kwatanta ya bambanta da abin da ke cikin takardar talla. Ƙurar hunturu tana toshe ƙofar makirufo. Zufar bazara tana shiga ɗakin batir ta sa tsatsa. Laimar damina tana taruwa a cikin bututu ta yanke sauti. Musulmi yana alwala sau da dama a rana, yana shafar kunne, don haka zai riƙa cirewa yana mayarwa, kuma sau da yawa kunnen bai gama bushewa ba. Mai hijabi ko ɗankwali ko rawani zai ji ƙyalle yana gogar makirufo, wani lokaci na'urar ta yi ta fito. Waɗannan su ne ma'aunanmu. Na'urar bayan kunne mai bututu da robar da aka zuba daidai ramin kunne ta fi girma, ba ta da kyan gani kamar 'yar ƙaramar da ke ɓuya a ciki. Amma ta fi juriya, ta fi sauƙin gyara, kuma ita ce ke da ƙarfin ɗaukar rauni mai tsanani. Na san kunya ce ke sa mutane neman wadda ba a gani. Sai dai yawan cewa "me ka ce?" ya fi kowace na'ura bayyana raunin ji.

Sai batun batir, wanda a wurinmu ba ƙaramin batu ba ne. Sabon yayi yawanci na caji ne. A ajiye da dare, a ɗauka da safe. Ga tsohon da hannunsa ke rawa ko idonsa ya yi rauni, wannan rahama ce, domin ƙananan batiran nan suna da wuyar kamawa. Amma caji yana son wuta kowane dare. Wanda yake da sola ko batirin ajiya na waya ba shi da damuwa. Wanda ke kwana uku babu wuta kuwa, na'urarsa za ta yi shiru tare da fitilar ɗakinsa. Batirin cajin ma yana tsufa bayan 'yan shekaru, kuma a yawancin samfura ba a gida ake canja shi ba, sai an aika. Na cirewa kuma yana da nasa sharaɗin. Da iska yake aiki, da zarar an ɓare 'yar takardar bayansa ya fara ƙarewa ke nan, ko an sa shi ko ba a sa ba. Lambarsa da launinsa a tsare suke: 13 ruwan lemo, 312 ruwan ƙasa, 675 shuɗi, 10 rawaya. Kafin ka zaɓi na'ura, ka tabbata lambar batirinta tana samuwa a garinku duk shekara. Kuma don Allah a nisanta batiran nan da yara, haɗiye su hatsari ne babba.

Ga kuma wani abu da ke yawan faruwa. Ɗa ko 'ya a Ingila, ko Amurka, ko Saudiyya, sai su sayo wa iyaye mafi tsada su aiko. Niyya mai kyau ce, Allah ya saka. Amma kowane kamfani da manhajarsa ta saiti. Idan ƙwararren garinku ba shi da ita, na'urar ta zama kayan ado. Wasu manyan shagunan waje ma suna kulle nasu, ba mai iya taɓa saitin sai su. Garanti kuma sau da yawa a ƙasar da aka saya yake aiki. Don haka tsarin ya kamata ya juya. A fara zuwa wurin mai awo a nan gida, a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ko sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko makamancinsa mafi kusa. A tambaye shi kamfanonin da yake iya saitawa, da waɗanda yake da kayan gyaransu. Amsarsa ita ce jerin da za a zaɓa daga ciki. Kamfanin da ya fi maka shi ne wanda ake iya saita shi a kuma gyara shi kusa da kai.

To, mun iso tambaya ta biyu. Yaushe ne canji ya zama dole? Kafin a ce na'ura ta mutu, a duba abubuwa masu arha. Sau da yawa dattin kunne ne ya toshe ramin, ko ya toshe 'yar matatar da ke bakin na'urar. Wani lokaci bututun ne ya bushe ya tsage, ko robar ta saki. Duk wannan gyaran rana ɗaya ne. Idan an share an canja amma har yanzu magana ba ta fita, sai a sake auna kunnen. Ji yana ci gaba da raguwa da shekaru, alhali na'urar tana kan saitin shekarun baya. Kusan kowace na'ura tana da sauran ƙarfi a ajiye. A sake saita ta bisa sabon awo, sau da yawa sai mai ita ya ce kamar sabuwa. Idan kuwa raunin ya wuce iyakar ƙarfinta, to canji ya wajaba, babu ja. Haka idan tana yawan lalacewa har kuɗin gyara ya kusa na saye, ko kamfani ya daina fitar da kayanta. Ana yawan cewa na'ura kan kai shekara biyar, wata ta gaza, wata ta zarce, gwargwadon kulawa. Wannan ƙiyasi ne, ba wa'adi ba. Fitowar sabon samfur ba ta rage wa taka komai ba. Kuma idan kunne biyu ne da rauni amma ɗaya kawai aka sa wa, kuɗin da za a sayi ta ƙololuwa guda ɗaya gara a sayi matsakaita guda biyu. Da kunne biyu ake gane inda sauti ya fito, kuma da su ake tsinto murya a cikin taro.

Akwai ƙorafi na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi. Wani zai ce duk wannan zancen masu hali ne, talaka fa? Gaskiya ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa a cikin masu bukatar na'urar ƙara ji a duniya, waɗanda ke amfani da ita ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Shi ya sa na kasuwa mai arha ke da farin jini. Ban raina mai sayenta ba. Ko Amurka ta buɗe wannan ƙofa a 2022, ta yarda a sayar da wasu na'urori ba tare da takardar likita ba. Amma ta gindaya iyaka: manya kawai, masu rauni mai sauƙi zuwa matsakaici, kuma da ƙa'idar iyakar ƙarar da na'ura za ta fitar. Da yawa daga cikin na tebur a kasuwanninmu ƙara kawai suke ƙarawa, murya da hayaniya gaba ɗaya, kuma ba ka da tabbacin iyakarsu. Mutum ya sa kwana biyu, kansa ya yi ciwo, ya jefa a akwati, ya yanke hukuncin cewa na'ura ba ta yi masa. Wannan ita ce babbar asarar, domin ba zai sake gwadawa ba. Hujjar da na kawo tun farko ma ta talaka ce. Idan samfurin ƙasa da aka saita da kyau yana kamo na ƙololuwa, to mai ƙaramin ƙarfi ba sai ya jira kuɗin ƙololuwa ba. Ko wadda wani ya bari, idan ta bayan kunne ce kuma lafiyarta ƙalau, ana iya sake saita ta a zuba sabuwar roba. Yaro kuwa, musamman wanda sanƙarau ko ƙyanda ta taɓa jinsa, kada a gwada masa ta tebur ko kusa. Yana koyon magana ne da abin da yake ji, kuma kunnensa yana girma, robarsa tana bukatar canji a kai a kai.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya ja. Ga wanda zai raka Baba ko Inna asibiti a wannan mako, ku tafi da tsohuwar na'urar da tsohuwar takardar gwajin, ko da kuna ganin sun gama aiki. Ku bar mai kunnen ya faɗi da bakinsa inda ya fi shan wahala, a masallaci ne, a waya ne, ko a tsakar gida. Ku kuma da kuke magana da shi, ku fuskance shi, ku rage sauri, ku kashe talabijin tukuna. Wanda kuma ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ko kunnensa yana zubar da ruwa, ko yana jiri, wannan ba maganar sayen na'ura ba ce, ya nemi likita yau ɗin nan. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.